Tambaya da Amsa: Daga Matan Fada zuwa Bakin Tekun Ikko

Wasiƙun wannan watan sun taru a kan abu ɗaya: wasan nan da mutum ke tsayawa a kan allo, raƙumin ruwa ya kwaso shi zuwa gaɓa. Tun da aka sa shi cikin gasar Olamfik ta Tokyo a 2021, hotunansa suka cika wayoyi. Amsoshinmu sun shafi bakin teku mai yashi irin na Legas, domin shi ne ya fi kusa da mu.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni mutumin Argungu ne, gidanmu gidan su ne. Na iya gora tun ina yaro, kuma ina shiga kabanci, wato wasannin ruwa na bikin kamun kifi. Nakan raka motar albasa zuwa Ikko. Wane wata ne, kuma wane lokaci na yini, ya fi dacewa in gwada wannan wasa?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Gora ya riga ya koya maka kwanciya a kan ciki, da tuƙi da hannu, da daidaita nauyin jiki, kuma wannan ba ƙaramin jari ba ne. Sai dai gulbi gaba ɗaya ya sani. Teku kuwa yana zuwa yana komawa, yana kuma ja ta gefe, duk a lokaci guda.

Raƙuman ruwan da ake hawa a Legas ba iskar Legas ce ke tayar da su ba. Guguwar can kudancin tekun Atlantika ce, tazarar fiye da kilomita 5,000, kuma sukan yi kwana biyar zuwa shida a hanya kafin su iso. Lokacin da muke damina, can suna cikin sanyi mai yawan guguwa. Shi ya sa ruwan ya fi girma daga Afrilu zuwa Oktoba, ya fi tsanani a tsakiyar damina. Da hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, sai ya ragu, ya yi laushi. Ga mai koyo wannan ne lokacin. Gwanaye ne ke jiran damina.

Sai iska. Gaɓar Legas kudu take kallo. Iskar da ta fito daga tudu, wato daga arewa, tana tallafe fuskar raƙumin ruwa, ta sa shi ya miƙe santsi, ya karye sannu a hankali daga gefe ɗaya zuwa ɗaya. Wadda ta fito daga teku, daga kudu maso yamma, tana tura shi ta ƙeya, ya ruguje ba tsari, ruwan ya zama kamar ana dama fura. Da sassafe iska a kwance take, ko tana ɗan busowa daga tudu. Da hantsi ya dubi ludayi, ƙasa ta ɗauki zafi, sai iskar ta juya. Saboda haka ka yi asuba, ka kasance a bakin ruwa kafin ƙarfe bakwai, ka fito wajen goma.

Na uku, cika da janyewa. Teku yakan cika sau biyu ya janye sau biyu a cikin awa 24 da minti 50, don haka lokacin cikar yana ƙara jinkiri da kusan minti 50 kullum. A Legas bambancin tsakanin cika da janyewa bai cika wuce mita ɗaya ba, amma a kan yashi wannan ya isa ya sauya komai. Raƙumin ruwa yana karyewa ne idan zurfin wurin ya kusa daidai da tsayinsa, kimanin tsayinsa da kashi ɗaya bisa uku a kai. Idan ruwa ya janye sosai, sai raƙumin ya faɗi gaba ɗaya lokaci guda kamar katangar da damina ta ci, babu gefen da za ka bi. Idan ruwa ya cika maƙil, sai raƙumin ya tsallake tudun yashin da ke ciki bai karye ba, ya zo ya fashe a kan gaɓa. Tsaka-tsaki ake nema, musamman yana cikowa. Lissafin watanmu na Musulunci zai taimake ka: a tsayuwar wata da kuma daren sha huɗu zuwa sha shida bambancin ya fi yawa, jan ruwa ya fi ƙarfi. Wajen bakwai ga wata da ashirin da biyu ya fi sauƙi.

Wuri kuwa, ka nufi Tarkwa Bay. Ba a zuwa da mota, sai jirgin fito daga Marina ko Victoria Island, tafiyar ƙasa da rabin awa. Katangar duwatsun da aka jera don kare mashigar tashar jiragen ruwa tana rage wa ruwan ƙarfi. Kusa da katangar, raƙumin da ya bugi dutse yakan dawo ya haɗu da na bayansa, su yi tsini wuri guda. Wannan na gwanaye ne, ka matsa nesa da dutsen. Bayan katangar akwai Lighthouse Beach, inda teku yake a buɗe ba shamaki. Kada ka fara da can.

TAMBAYA: Daga Yawuri nake. Idan iska ta taso a tafkin Kainji ruwan yana tashi har ya kifar da jirgi. Me zai hana mu yi wasan a nan? Wani abokina na Talata Mafara ma yana tambayar dam ɗin Bakolori.

AMSA: Ɗan'uwa, ba tsayi kaɗai ake nema ba, tazara ce. Ka ƙirga sakan nawa ne tsakanin wannan raƙumin da na bayansa. A tafki sakan biyu ne zuwa uku, domin iska ba ta samu fili mai nisa da za ta yi aiki ba. A Legas goma zuwa sha huɗu ne. Mai sakan 12, a cikin zurfin teku, tsakanin doronsa da na mai bi masa mita 225 ne. Mai sakan uku bai wuce mita 14 ba. Na farkon ruwa ne mai kauri da ke motsi har ƙasa. Na biyun fatar ruwa ce kawai, yana iya kifar da jirgin da aka yi wa lodi fiye da kima, amma ba zai ɗauki mutum da allo ba. Abin da tafki zai yi muku shi ne horon tuƙi da hannu da na dogon numfashi. Ku dai kiyayi gefen da ruwa ya kwanta da ciyawa, inda dodon koɗi mai kawo tsargiya yake.

TAMBAYA: Ni uwa ce a Gusau. Ɗana yana bautar ƙasa a Legas, ya turo mini hotonsa riƙe da wannan allo. Iyakar iyonsa a rafi ne. Hankalina ya ƙi kwanciya. Mene ne haɗarin, kuma me zan ce masa?

AMSA: Hajiya, Allah ya tsare shi, ya dawo muku da shi lafiya. Damuwarku a kan hanya take, amma abin tsoron ba wanda ake gani a hoto ba ne.

Duk ruwan da raƙuma suka zubo gaɓa dole ya koma. A bakin teku mai yashi akwai tudun yashi a ƙarƙashin ruwa, shimfiɗe a tsawon gaɓar kamar kunyar gona. Ruwan da ya taru a bayansa sai ya nemi inda kunyar ta karye, ya bi ta nan da gudu zuwa cikin teku. Wannan kwararon shi ne ya fi cin mutane. Mugun abin shi ne, da yake wurin ya fi zurfi, raƙumi ba ya karyewa a kansa. Hagu da dama farin kumfa ne da ruri, tsakiya kuwa ruwa ne mai duhu, lumui. Baƙo na zuwa sai ya ce ga wuri mai lafiya, ya shiga nan.

Ku ce masa ya tsaya a wuri mai ɗan tudu minti goma sha biyar kafin ya jiƙa ƙafa. Ya nemi wurin da launin ruwa ya bambanta, ko inda kumfa da ledoji da ƙiraruwa ke tafiya waje maimakon gaɓa, ko inda ruwan ya yi jajaja da yashi har bayan inda raƙuma ke karyewa. Kwararo yakan zauna kuma a jikin katangar dutse. Na kan yashi kuwa ba ya zama wuri ɗaya, domin yashin yana ƙaura. Inda aka yi wasa lafiya makon jiya yana iya zama rami yau. Don haka ya tambayi yaran wurin kullum, da ɗan gari akan ci gari.

Idan kwararo ya ja shi, abu uku. Kada ya saki allon, shi ne goransa. Kada ya yi kokawa da ruwan ya nufi gaɓa kai tsaye, domin mai ƙarfin cikinsu yana wuce mita biyu a sakan, gwanin iyo na duniya ma ba zai ci nasararsa ba. Ya tuƙa ta gefe, ya bi tsawon gaɓar har ya shiga inda ake farin kumfa, kumfan zai turo shi tudu. Idan ya gaji, ya kwanta ya ɗaga hannu ɗaya. Kwararo ba ya jan mutum ƙasa, waje yake kai shi, kuma ƙarfinsa yana mutuwa bayan layin da raƙuma ke karyewa. Firgici da gajiya ne ke nutsar da mutum.

Sharaɗin da za ku kafa masa, a ganinmu: sai ya iya iyon mita 200 ba tsayawa, ya kuma iya tsayuwa a ruwan da ya fi ƙarfinsa minti goma ba abin riƙo. Kada ya shiga shi kaɗai, kada ya shiga bayan magariba, kuma da ya ji tsawa ya fito. A jirgin fito ya sa rigar ruwa ko da kowa bai sa ba. Kwana ɗaya ko biyu bayan ruwan sama mai yawa ya haƙura, saboda ƙazantar gari tana fitowa ta mashigar tashar, tana kawo ciwon kunne da na ciki.

TAMBAYA: Ɗan kasuwa ne ni daga Jega, ina zaune a Agege. Na yi hayar allo sau uku. Kullum ko dai hancinsa ya nutse ya wurga ni, ko raƙumin ya wuce ya bar ni. Ina laifin yake?

AMSA: Alhaji, muna zargin allon kafin mu zarge ka. Idan gajere ne mai tsini irin na masu gasa, mayar da shi. Mai koyo yana buƙatar na soso, ƙafa takwas zuwa tara, mai faɗi da kauri. Maɗaurin ƙafa, wato igiyar da ke haɗa allon da ƙafarka, ya kai tsawon allon, a ɗaura shi a idon sawun ƙafar da ke baya. Idan saman yana santsi a goga masa kaki, kuma a nemi na ruwan zafi, domin ruwan Legas yana tsakanin digiri 25 da 29, na ƙasashen sanyi narkewa yake yi.

Matsalolinka biyu kuwa tushensu ɗaya, wurin kwanciya. Ka matsa gaba da yawa, hanci ya nutse. Ka ja baya da yawa, gindin allon ya zama birki, ruwa ya wuce ta ƙarƙashinka. Daidai shi ne hancin ya ɗago daga ruwa kamar faɗin yatsa uku, ƙafafu a haɗe, ƙirji a ɗage. Ka yi wa wurin haɓarka alama.

Fara a ruwan da ya kai maka ƙugu, da kumfan da ya riga ya karye. Juya hancin allon ya dubi gaɓa sak, domin ko ɗan karkacewa ya yi, kumfan zai mirgina ka. Ka fara tuƙi tun yana nesa da kai kamar mita biyar. Idan ka ji ya ɗauke ka, ƙara tuƙi biyu ko uku, nan ne yawancin mutane ke saurin tashi su rasa shi. Sannan ka dafa tafin hannu a kan allon daidai haƙarƙari, ba a gefensa ba, ka miƙe da motsi ɗaya. Gwiwoyi a lanƙwashe, ƙafar gaba a tsakiya, ido a kan gaɓa. Wanda ya kalli ƙafarsa ya faɗi.

Faɗuwar ma ana koyonta. Ka faɗi a shimfiɗe, baya ko gefe, kada ka yi tsalle da ka, domin ruwan da ka zata zurfi yana iya zama iya gwiwa, kuma jiƙaƙƙen yashi siminti ne ga wuya. Ka fito da hannuwa a kan kai, allon na iya dawowa. In za ka shiga, riƙe shi a gefenka, kada ya shiga tsakaninka da raƙumi. Sutura: wando mai igiya da ya rufe gwiwa da riga mai kama jiki. Jallabiya ko 'yar shara tana shan ruwa ta naɗe ƙafa.

Akwai kuma ladabi. Wanda ya fi kusa da inda raƙumin ya fara karyewa shi ke da shi, ba a shiga gabansa.

TAMBAYA: Ɗalibi ne ni daga Ƙauran Namoda. Na buɗe Windy da Surfline, manhajojin hasashen iska da raƙuman ruwa, na ga lambobi birjik. Wanne zan duba?

AMSA: Huɗu sun ishe ka, ɗalibi: tsayi, tazara, inda ruwan ya fito, da iska. Mita ɗaya da sakan 13 daga kudu maso yamma, iska ƙasa da kilomita goma a awa, rana ce mai kyau ga wanda ya iya, amma ta yi wa mai koyo yawa. Tsayin da aka rubuta tare da tazara na cikin teku ne, kuma mai doguwar tazara yana ƙara miƙewa idan ya taka yashi. Kai ka nemi rabin mita zuwa ƙasa da ɗaya. Ka tuna idan tsayi ya ninka sau biyu, ƙarfin sau huɗu yake ninkawa.

Abin da waya ba za ta nuna maka ba shi ne yadda yashi ya kwanta ranar, da kuma cewa raƙuman ruwa ayari-ayari suke zuwa: uku zuwa shida manya a jere, sai shiru na wasu mintoci. Idan ka iso lokacin shirun za ka zata babu komai. Ka zauna ka ga wucewar ayari biyu, ka ƙirga su, ka duba agogo, sannan ka shiga a bayan na ƙarshe.