Abin da ya sa rami ya yi shiru bayan mun buɗe shi

Ka tambaye ni, tun da muka ɗaga murfin ramin biyogas ɗin nan na bayan kasuwar shanu muka like tsagar, yau sati uku gas bai dawo ba, alhali kashin shanun bai canza ba. Zauna, yaro, ajiye cebur ɗin.

Ba kashin ke yin gas ba. Wasu halittu ne ƙanana a cikinsa, irin waɗanda ke zaune a tumbin saniya. Da ana lissafa su cikin bakteriya, sai a 1977 Carl Woese na Amurka ya nuna dangi ne daban, ana ce musu arkiya. Mu maginan rami ɗaki kawai muke gina musu.

A jikinsu akwai wani inzayim, wato sinadarin da ke tafiyar da aiki a jikin halitta, mai suna MCR, shi ke sakin metan, gas ɗin da ke kama wuta, a matakin ƙarshe. A 1997 masana a Jamus suka ga siffarsa: guntu shida a haɗe, da wurin aiki biyu. Kowane wurin aiki yana can ƙarshen wani siririn lungu, kuma a ƙasan lungun akwai ƙwayar ƙarfen nikel guda ɗaya, zaune cikin wani zobe ruwan ɗorawa da ake kira F430. Nikel ɗin nan shi ne wuƙar aikin. Da oksijin ya taɓa shi, ya dakushe. Ranar da muka buɗe murfi muka kwashe rabin taɓon, iskar garin Garwa muka shayar da su.

Amma abin da ya fi burge ni shi ne yadda suke tattalin ƙarfi. Masu cin haidurojin da iskar kabon daga cikinsu, ribarsu kaɗan ce ƙwarai. Matakin farko na kama iskar kabon sai an biya shi, kamar tura amalanke a kan tudu. Ina za su samo kuɗin? Daga matakin ƙarshe. Bayan metan ya fita, wasu mataimakan MCR guda biyu suna maƙale da juna ta sulfa, sai wani inzayim, Hdr, ya raba su. Wurin rabawar yana karɓar ƙwayoyin lantarki biyu: ɗaya ya gangara, ƙarfin gangarowarsa ya cilla ɗayan sama, ya je ya biya matakin farko. Kamar guga biyu a kan kwarkwaro ɗaya, wannan na sauka wancan na hawa. A 2021 aka ɗauki hoton abin a jikin wata arkiya mai suna Methanospirillum hungatei, aka tarar inzayim ɗin matakin farko da na rabawar a manne suke cikin ƙaton gini guda, da jerin ƙulle-ƙullen ƙarfe da sulfa tsakaninsu kamar wayar wuta. Ni da na yi shekaru ina faɗa da yoyon bututu, na ce wannan magini ya san aikinsa, bai bar gaɓar da za ta zubar ba.

To mai ƙaramar riba ba ya yaɗuwa da sauri. Bakteriyar da ke tsamar da kashi cikin sa'o'i suke ninkawa, wasu masu yin metan kuwa sai sun yi kwanaki. Shi ya sa na hana ka ƙara lodi jiya. Ka cika masa abinci yanzu, tsami ya yi yawa, ragowar ma su kwanta. Ga shi kuma hunturu, su kuwa sun fi son zafi wajen digiri 35.

Gobe da asuba ka je mahauta da jarka biyu, ka ce a ba ka abin cikin tumbi da ɗuminsa. Ka cika har baki, ka rufe gam, kada ka tsaya shan shayi a hanya. Mu zuba, mu bar shi kwana bakwai ba lodi. Gas ɗin farko ba zai kama wuta ba, iskar kabon ce ta fi yawa, ka buɗe famfo a waje ka sake shi, kuma kada in ga ashana a hannunka.