Rijiyar Awo da Ruwan Zartsi

Wani ɗalibi daga Maiduguri ya aiko da tambaya: "Malam, akwai siririyar rijiya da muke haƙawa kamar burtsatse, amma ba don sha ba, don duba zurfin ruwan ƙasa da lafiyarsa. Me zan kira ta in ina yi wa manoma bayani? Sannan mece ce ma'anar zartsi?"

Allah ya yi maka albarka, ɗana. Ni "rijiyar awo" na zaɓa. Na ji wasu na cewa "rijiyar kallo", amma kallo na ɗan kallo ne, ya tsaya ya gani ya wuce. Awo kuwa, manomi ya san shi tun daga mudu.

Mahaƙa rijiya sun riga ku wannan aiki. Da gaba suke aunawa: mutum ya buɗe hannuwansa biyu, daga kan yatsa zuwa kan yatsa, gaba guda ke nan. Matar da ta ƙulla wa igiyar guga ƙari da bazara ita ma awo ta yi, rubutawa ce kawai ba ta yi ba. Za ka ji ta ce "ruwa ya janye", wato ya yi ƙasa amma yana nan. In ta ce "ta ƙafe", guga ya dawo da laka. Riƙe kalmomin nan biyu, za su yi maka amfani a Borno. Burtsatsen da aka haƙa a yankin Tafkin Chadi a shekarun 1960 ruwansu da kansa yake tsartuwa ba famfo, amma ƙarfin ya yi ta raguwa. Janyewa irin wannan a hankali take zuwa, sai mai zura ma'auni wata-wata yana rubutawa ke ganin ta.

Zartsi shi ne ruwa mai ɗanɗanon gishiri-gishiri ko kanwa, kishiyar ruwan daɗi. Hausawa sun ce "ruwa ba ya tsami banza", wato kowane sauyi da dalilinsa. Ga rijiya maganar a zahiri take: in ɗanɗano ya sauya, duba ko an haƙa salga kusa, ko takin zamani ya sirara ciki. Sai dai ka faɗa wa manoma cewa harshe ba ya kama komai. Ruwa na iya zama garau, mai daɗi, alhali da dalma ko ƙwayar kwalara a ciki, shi ya sa kuke ɗiban kaɗan a kwalba ku kai ɗakin gwaji.