Amsar Kawu kan hutun ƙarshen mako da ziyara hannu rabbana

Wa alaikumus salam ɗana, naga saƙonka tun jiya bayan isha'i, na bari sai da safe in zauna in baka amsa a nutse don maganar ba ta layi biyu bace. Kace albashi baya kai tsakiyar wata, Asabar da Lahadi sai dai ka kulle kanka a ɗaki kana danna waya, maiɗakinka tana ganin ƙawayenta ana kaisu shan askirim da manyan kantuna, kai kuma ko gidan 'yan uwa kunyar zuwa kake don kar ace kazo hannu rabbana. Shine kake tambaya wai a al'adarmu laifi ne mutum yaje ziyara bai riƙe komai ba, kuma mu da can yaya muke hutawa ba kuɗi.

To ba laifi bane, ko kaɗan, kuma wlh abin ya dameni da naji wannan ne ya hanaka zuwa gaida Hajiya. Tsaraba ta matafiyi ce, wanda yaje Legas ko Makka ko Kwatano ya dawo shine ake sa ran ya riƙo wani abu, amma kai da kake cikin garin nan tsakaninka da Gwammaja tafiyar ƙafa ce wa yace sai ka sayi lemo da burodi kafin ka gaida kakarka? A yadda muka taso ma babba ne yake bawa yaro. Ran Juma'a bayan an sakko daga masallaci yara suke zaga gidajen kakanni da gwaggonni da kawunnai suna barka da Juma'a, a basu goron Juma'a, ɗan kwabo ko dabino ko alewa, in babu a shi musu albarka su tafi da murnarsu. Shi yasa magabata sukace zumunta a ƙafa take. Tsohuwa fuskarka takeso ta gani, ka zauna kan tabarma ta tambayeka aiki, ta baka labarin wanda ya haihu da wanda ya rasu, ta sa a kawo maka fura ko ɗumame kaci, in ka tashi tafiya ita zata rakoka har zaure tana sa albarka.

Bazan ɓoye maka ba akwai inda al'ada take son a riƙe wani abu. Biki akwai gudummawa, barkar haihuwa mata suna kai ɗan sabulu ko turmi in da hali, gaisuwar surukai da sallah ana kai goro. Amma ko a nan ɗin wanda bashi da shi jikinsa yake kaiwa, ya ɗauko kujeru, ya kafa rumfa, ya raba abinci, matarsa ta shiga girki da wanke-wanke, kuma a dangi irin wannan mutumin anfi tunawa dashi akan wanda ya turo kuɗi ta waya bai leƙo ba. Dubiyar mara lafiya kuwa da ta'aziyya babu ko sisi a cikinsu sai addu'a.

Shi kansa hutun Asabar da Lahadi ai da aikin gwamnati da makarantar boko yazo mana. Namu na asali Alhamis da Juma'a ne, har gobe makarantun allo ranakun suke hutu, almajiri yayi wanki yayi aski ya ziyarci 'yan garinsu. Manomi kuma hutunsa rani ne. To babu wani abu a cikin wannan tsarin da aka gina shi akan kashe kuɗi, mutum yana hutawa ne a cikin mutane. Bayan la'asar dattawa suna majalisa a ƙofar gida ko gindin darbejiya, ana dara, gurbi 30 ake haƙawa a ƙasa kowa da 'ya'ya 12, wani da tsinke wani da tsakuwa, ka jera uku kaci na abokinka ɗaya, sai kaga mutum goma sun zagaye mutum biyu ana ta musu har a kira magariba. Bayan magariba kowane magidanci a fito da tuwonsa zaure ayi ciyayya, mai miyar kuka da mai miyar kuɓewa duk a haɗa, wanda gidansa ba'a ɗora tukunya ba ranar ya ci ya ƙoshi ba wanda ya sani. In akwai farin wata samari suna langa da kokawa a dandali, 'yan mata suna gaɗa, ƙanana kuma suna tsakar gida wajen tsohuwa, ga ta nan ga ta nan ku, ta zo mu ji ta, Gizo da Ƙoƙi har bacci ya kwashesu kafin a kai ƙurunƙus.

Nasan zakace zamani ya canza, gaskiya ne, dandali ya mutu a birni kuma tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin adaidaita sahu kaɗai ya isa ya hana mutum fita. Amma ƙafarka tana nan. Ya tabbata Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana zuwa masallacin Ƙuba duk Asabar, wani lokacin a ƙafa wani lokacin akan abin hawa, to me zai sa matashi mai lafiya kamarka yaga tafiyar ƙafa don ziyara abin kunya ne.

Kuma ku 'yan yanzu kuna cikin Kano amma baku san Kano ba. Ka taɓa hawa Dala kuwa? Akwai matattakala har sama, ka tafi da hantsi kafin rana tayi zafi kai da iyalinka da ƙannenka, daga can zaka hango Goron Dutse da hasumiyoyin babban masallaci da cikin birni gaba ɗaya, nan ne inda Barbushe ya zauna tun kafin a kafa sarautar Kano, kuma duk shekara ranar Takutaha bayan Maulidi jama'a suke cika shi. Sai dai ku tafi da yawa, waya a aljihu, kada ku kai yamma, kasan halin da ake ciki na masu ƙwace. Ka gangara Ƙofar Mata ka tsaya bakin karofi kayi sallama kaga yadda ake rini da baba da toka kamar yadda akeyi ɗaruruwan shekaru, ka ratsa kasuwar Kurmi da aka kafa zamanin Sarki Muhammadu Rumfa wanda yayi mulki daga 1463 zuwa 1499, kallo kyauta ne ba wanda zai kamaka don baka saya ba. Ran Juma'a in Sarki ya fito masallaci akan doki da dogarai da algaita shima kallo ne da mutane suke tasowa daga nesa don su gani.

Maganar maiɗakinka kuma ka saurareni da kyau, don nan ne nafi so ka gyara. Ba lallai askirim ɗin ne damuwarta ba, zaman gida ita kaɗai sati guda sannan ranar hutu ma kana kusa da ita amma idonka na kan waya shine yake cin rai. A al'ada mace tana da wuni, ka kaita gidansu da safe ta yini da 'yan uwanta, ayi mata kitso ta yiwa wata, su ƙunsa lalle suyi hirarsu, da yamma kazo ka gaida surukanka a tsugune ka ɗauketa. Ranar da kuke gida kuma ka aje wayar, ka shimfiɗa tabarma a tsakar gida ku ci abinci a kwano ɗaya, ka tayata tsinke zogale, ka tambayeta tatsuniyoyin da kakarta tayi mata don gobe in Allah ya baku zuri'a ku sami abin basu. Tsakanin magariba da isha'i akwai karatu a masallatan unguwa da zaurukan malamai, kaje ka zauna ko littafi baka da shi, ka dawo ka gaya mata abin da kaji.

Asabar mai zuwa itace ta ƙarshen wata, akwai tsaftar muhalli ba'a zirga-zirga sai ƙarfe 10, to ka fito da tsintsiya da shebur ku yashe kwatar layinku da maƙwabta, irin aikin gayyar da ya rage mana kenan a birni kuma a nan zaka san mutanen da kake zaune dasu. In an buɗe hanya ku taho gidana kai da ita, kada ka sayi komai, in naga leda a hannunka raina zai ɓaci. Gwaggonka zatayi dambu, daga nan sai mu taka tare muje wajen Hajiya don kullum sai ta tambayeni kai. Ka gaida maiɗakin naka, Allah yayi muku albarka ya buɗa maka ta hanyar halal.

Kawunka.