Abin da mai gida yake biya idan ya kira mai aikin bishiya

Ka ce mini: "Oga, tunda sara duk sara ne, me zai sa mai gida ya kira mu ya biya kuɗi mai kauri, alhali ga masu gatari da za su yi masa a rubu'in kuɗinmu?" To ɗana, masu gidajen ma tambayar da suke yi mini ke nan, sai dai su da faɗa suke yin ta.

Fara da sanin dalilin arahar. Mai gatari yawanci da itacen yake tafiya, ya faskara ya sayar wa masu gidan burodi da masu tuya. Ba zaginsa nake yi ba, sana'arsa ce kuma halal ce. Amma ribarsa tana cikin yawan abin da ya sauke ƙasa, don haka ba zai taɓa ce wa mai gida a bar wannan reshen ba. Mu kuwa an kira mu ne don bishiya ta ci gaba da ba da inuwa ba tare da ta faɗo wa kwanon kowa ba, kuma sau da yawa rabin aikinmu hana sara ne.

Dubi abin da ake yi wa mangwaro da turare a garin nan, a aske musu kai ƙwal, a bar kututture tsaye. Mai gida ya ga haske ya shigo tsakar gida, ya ce an yi aiki. Ganye shi ke dafa wa bishiya abinci. Idan ka kwashe shi gaba ɗaya, sai ta ɗebo abin da ta ajiye ta fitar da toho barkatai a bakin saran. Wannan tohon ba daga tsakiyar itace ya fito ba, a ƙarƙashin ɓawo kawai yake maƙale, kuma kan kututturen da yake zaune a kai yana ruɓewa a hankali don ruwa na kwanciya a ciki. Bayan 'yan shekaru ya yi tsawo ya yi nauyi, sai iskar farkon damina ta Afirilu da Mayu ta zo ta ɓalle shi. Turare ya fi kowa wannan hali, ga saurin girma, ga shi ko'ina a Jos da Bukuru, tun da aka riƙa dasa shi a tsofaffin filayen haƙar kuza. Wanda ya aske shi don tsoron iska ya sayi abin da yake gudu da kuɗinsa. Ƙa'idarmu ita ce kada a cire fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na ganye a shekara guda, tsohuwar bishiya ma ko hakan ya yi mata yawa.

Sai yankan kansa. Babban reshe sau uku ake yanka shi. Ka fara shiga ta ƙasa kaɗan, nesa da gangar jiki kamar taƙi ɗaya ko biyu. Sannan ka yanko ta sama, gaba da na farkon, reshen ya tafi. Yankan ƙasan nan shi ke hana nauyin reshe ya yago ɓawo har jikin uwar. Na uku shi ne na gwaninta: akwai ɗan kumburi a inda reshe ya haɗu da gangar jiki, wuyan reshe ke nan, a bakinsa za ka cire guntun da ya rage. Kada ka shafe wuyan, kada kuma ka bar dogon dungu. Idan ka yi daidai, za ka dawo baɗi ka tarar sabon nama ya zagaye wurin kamar gammo, yana rufewa.

Za su ce ka shafa baƙin mai ko fenti. Ka ba su haƙuri. Wani masanin daji Ba'amurke, Alex Shigo, ya tsattsaga dubban itatuwa yana bin sawun ruɓa, kuma a shekarun 1970 ya bayyana cewa bishiya ba ta warkar da ciwo yadda jikin mutum yake yi, katange shi take yi daga ciki don kada ruɓa ta yaɗu. Fenti ba ya hana ruɓar, wani lokaci ma laima yake riƙewa. Irin wannan ilimin ba sai an haye teku ba. Ga Kwalejin Gandun Daji ta Tarayya nan a kan titin Bauchi, tun 1958 take. In ka samu hali ka je, don takarda ba ta hawa bishiya, amma hannun da ya san dalilin abin da yake yi ya fi.

Ka lura ba na ɗora tsani sai na zagaya gindi. Naman kaza nake nema a jikin saiwa, da hanyar gara, da wurin da ƙasa ta ɗago ko ta tsage a gefe guda, alamar bishiyar ta fara tuge kanta. Ina buga ƙeyar adda in ji ko akwai kogo. Ina duba gwafa, in rassa biyu sun matse juna da ɓawo a tsakani, nan za ta tsage. Sannan in tambayi mai gida ko an yi gini kusa. Mutane na zaton saiwa can ƙasa take nutsewa, alhali mafi yawanta ba ta wuce santimita 60 daga sama, faɗi take yi har ta zarce inuwar bishiyar, balle a Jos da dutse ke kusa. Wanda ya haƙa sokawe ko tushen katanga a gindinta ya datse mata ƙafa, amma sai bayan shekara biyu ko uku ganye zai fara nunawa, lokacin kowa ya manta. Kauci kuwa ba a fizge shi, don ya riga ya shiga cikin itacen, reshen ake yankewa ta bayan inda ya kama.

Wayar wuta ba ta da wasa. Ɗanyen itace yana ɗaukar wuta, kuma babban layi ba sai ka taɓa shi ba. Sai ma'aikatan lantarki sun kashe, mun tabbatar, sannan a hau. Idan kayarwa za a yi, ba mai tsayawa cikin ninki biyu na tsawon bishiyar. A Unguwar Rogo ko Gangare ina za ka samu wannan fili? Dole a sauke ta gunduwa-gunduwa da igiya, mutum ɗaya a sama, biyu a ƙasa. Kuɗin da mai gida yake ganin ya yi yawa, nan yake tafiya: igiya, bel, hular kwano, man injin yanka itace, da mutanen da za su yini a kai.

Idan wani ya nemi shawararka kan wanda zai ɗauka, ka ce ya ƙi duk wanda ya yanke farashi ta waya bai ga bishiyar ba. Ya tambaye shi wane reshe zai cire kuma don me. Ya sa a rubuta wanda zai biya in katangar maƙwabci ta karye. In ta bakin titi ce, a fara neman izinin hukuma. Sannan ya ce a nuna masa bishiyar da mutumin ya gyara shekara biyu ko uku da suka wuce, ba ta jiya ba, don ta jiya kowa tasa tsaf take.

Kai kuma inji a sama ba yanzu ba, sai ɗaurin igiyarka ya zauna. Gobe ka zo da wuri, akwai wata piya a Tudun Wada da kauci ya cika. Kai za ka fara zagaya ta, ka faɗa mini abin da ka gani kafin in buɗe baki.