Tambaya da Amsa: Wai Linux ɗin nan guda nawa ne?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a Zariya, laftof ɗina tokumbo ce ta kwana biyu, Windows 10 ne a kai kuma an ce an daina sabunta shi, Windows 11 kuma ya ƙi hawa. Abokina ya ce in saka Linux wai kyauta ne, da na duba sai na ga Ubuntu, Mint, Debian, Fedora, sunaye rututu har kaina ya ɗaure. Wanne ne na asalin? Kuma anya abin da ake rabawa kyauta ba na bogi ba ne?

AMSA: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Maganar Windows 10 gaskiya ce, ranar 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ta rufe tallafin da ta saba ba shi. Amma batun bogi ka cire shi daga ranka, in dai wayarka Android ce to Linux ne a cikinta tun da ka saye ta, kuma tun 2017 kwamfutoci 500 mafiya ƙarfi a duniya duk da shi suke aiki.

Tushen abin Unix ne, wani tsarin tafiyar da kwamfuta kamar Windows, wanda Ken Thompson da Dennis Ritchie suka fara a Bell Labs na Amurka a 1969, sai dai shi mallakar kamfani ne ba ka da ikon taɓa shi yadda kake so. Wannan ne ya dami Richard Stallman, a 1983 ya sanar da aikin GNU don a gina irinsa wanda kowa zai iya karanta kod ɗinsa, wato rubutun umarnin da aka gina shi da shi, ya gyara ya ba wani, suka yi shekaru suna haɗa kayan aiki amma inji bai kammala ba, wato kanel, ɓangaren da ke magana da ƙarfen kwamfutar kai tsaye. Sai a 1991 wani ɗalibi a Helsinki mai shekara 21, Linus Torvalds, ya rubuta nasa ya saka a intanet, a 1992 ya mayar da shi ƙarƙashin lasisin GPL wanda ya ce in ka gyara ka raba to dole ka bar gyaran a buɗe ga na bayanka. Ni wannan sharaɗin shi ne ya fi burge ni a labarin gaba ɗaya.

To daga nan yawan sunayen ya samo asali. Linux inji ne, kowa ya ɗauka ya ɗora masa bodin da ya ga dama. Debian ya fito a 1993, Mark Shuttleworth ɗan Afirka ta Kudu ya gina Ubuntu a kansa a 2004, Mint kuma ya ginu kan Ubuntu, ka ga kaka da ɗa da jika kenan, babu na bogi a ciki. Fedora gidansu daban, na kamfanin Red Hat ne. Akwai ma dangin BSD irin su FreeBSD da suka samo asali daga Jami'ar Kalifoniya ta Berkeley, su ba Linux ba ne sam.

Kai dai ka ɗauki Linux Mint mai fuskar da ake kira Xfce, ba shi da nauyi kuma fuskarsa ta yi kama da wadda ka saba. Amma ka sani Photoshop da CorelDraw ba sa hawa kai tsaye, in da su kake neman na abinci ka yi tunani tukuna. Rubutun furojet kuwa LibreOffice zai yi maka, yana buɗe fayil ɗin Word. Ka sauke shi inda data ke da sauƙi don ya haura gig biyu, ka ɗora a filash ka kunna kwamfutar daga filash ɗin ba tare da ka goge komai ba, ka gwada wayifai da sauti da firinta, in duk sun yi sai ka kwashe fayilolinka zuwa wani wuri kafin ka danna instol.