Zanen Cocin Ingila da Ya Fito Cikin Kayan Gwanjo

TAMBAYA: Salamu alaikum Malam. Ni ɗan gwanjo ne a kasuwar Katangowa nan Legas, cikin kayan da muka kwance ne na ci karo da wani zane a firam, na tawada, tsohon coci mai hasumiya da wani layi tsit ba danfo ba okada ko mutum ɗaya babu, a ƙasa an rubuta sunan wani gari na Ingila amma ya kusa gogewa. Wani kwastoma ya taya dubu biyar, yaron shagona ya ce kar in sallama wai kayan tarihi ne. Ya zan gane ko da hannu aka yi shi? Kuma takardar ta fara ɗigo-ɗigo ruwan ƙasa. Daga mai karatu, Agege.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan uwa. Ka fara aron gilashin nan na masu gyaran agogo ka duba layukan da kyau. In ka ga ƙananan ɗigo a jere reras to inji ne ya buga, irinsu da yawa aka yi. Na hannu kuwa tawadar tana kauri wani wuri ta sirance wani wuri, wani lokacin har sawun fensir za ka gani a ƙarƙashi. In kuma akwai shatar da ta lotsa takardar ta kewaye hoton, da farantin ƙarfe aka danna shi, shi ma bugu ne amma yana iya zama tsoho.

Launin tawadar ma shaida ne. Turawan zamanin da suna haɗa tasu da ƙullutun wani itace da sinadarin ƙarfe da ƙaro, eh ƙaron nan dai da almajirai ke sawa a tawadar allo, kuma in ta daɗe rikiɗewa take ta koma ruwan ƙasa har ta ci takarda.

Inda yaronka ya ruɗe shi ne tsufan coci daban tsufan zane daban. A Ingila tagogi masu zagayayyen kai salon Normawa ne da suka ci ƙasar a 1066, masu tsini kuma daga ƙarshen ƙarni na 12 suka fara, to amma an ci gaba da kwaikwayonsu, je ka Marina ka kalli babban cocin Angilikan, tsinin tagogin kamar na shekara ɗari bakwai alhali 1925 aka aza harsashinsa aka gama 1946. Kuma ko cocin ya kai shekara 800, wani ɗalibi zai iya zama gabansa bara ya zana.

Ɗigo-ɗigon ruwan ƙasa na jikin takardar kuwa galibi danshi ne ke kawo shi. Don Allah kar ka goge da ruwa, kar ka manna salatif, ka raba shi da rana da bangon da ke jiƙewa da damina, a sa kwali a gefe-gefe kar takardar ta taɓa gilashi. In da ni ne ba zan sallama a dubu biyar ba sai na buɗe bayan firam ɗin tukuna, masu zane kan rubuta suna da shekara a wurin.