Nissan 350Z: ta 2004, ta 2006 ko ta 2007?

Malam, ka ce 350Z uku ka samu, ta 2004, ta 2006 mai giyar hannu, da ta 2007, kana neman wacce za ka ɗauka. In aljihu zai iya, ta 2007 zan ce maka. Ita ce ta zo da injin VQ35HR mai ƙarfin doki 306. Gane ta ba wuya: bonet ɗinta na da ɗan tudu a tsakiya, in ka buɗe kuma za ka ga bututun shaƙar iska biyu, hagu da dama.

Ta 2006 ɗin kuwa sai da hattara. Injinta, wanda ake ce wa Rev-Up, ya yi ƙaurin suna wajen shan baƙin mai. Zaro sandar awon mai tun kafin a tada ta, sannan ka tsaya ta baya ka ga ko salansa na fitar da hayaƙi mai shuɗi-shuɗi.

Ta 2004 ba laifi, doki 287, kuma ta fi sauƙin kuɗi. Amma ka tuƙa ta da kanka, ka kasa kunne ko giya na gurzawa wajen sauyi. Ka kuma shafa tayoyin gaba ta ciki, don takan cinye su ta gefe guda.